Duna Bai Ciji Kowa Ba

Idan ka yi wa wanda ba ya iya magana ƙarya, wa zai ƙaryata ka?

Riƙe wannan tambaya. Lauratu ba ta yi wa kanta ita ba sai da ta kusa makara.

Lauratu 'yar aji huɗu ce a makarantar firamare ta wani ƙauye kusa da Daudawa, a ƙasar Faskari. A shekarun nan ne arzikin mai ya buɗe. Manyan motoci suna wucewa ɗauke da siminti. Samari suna jingine fartanya suna tafiya Kaduna aikin gini. A wannan shekara ce mahaifinta, Malam Maharazu, ya ɗinka mata sabuwar rigar makaranta, shuɗiya, wadda ba a taɓa sa wa kowa ba kafin ita.

A ƙarshen ƙauyen, inda gonaki suka haɗu da daji, akwai gidan wani tsoho, Baba Barau. Bamaguje ne, yana kan addinin kakanninsa. Mutanen gari suna sayen zumarsa, suna aron gatarinsa, amma ba safai suke zama a tabarmarsa ba. Matarsa ta rasu. Ɗansa Kyauta ya bi samari zuwa Kaduna. Abin da ya rage masa shi ne bishiyar gwaiba guda, da wani baƙin kare mai suna Duna.

Duna ya yi aiki a zamaninsa. Idan dawa ta fara nuna, birai sukan fito daga dajin da ya miƙe har Sabuwa, su faɗa gonaki. Duna ne ke korarsu. Bai san iyakar gona ba. Ta ubangijinsa da ta maƙwabta duk ɗaya ce a wurinsa. Har gonar Malam Maharazu ya tsare, shekara da shekaru, kuma babu wanda ya taɓa ba shi ko ƙanzo.

Yanzu ya tsufa. Bakinsa ya yi furfura. Tun kafin ruwan farko na bana ya fara canzawa. Sai ya riƙa kewayawa wuri guda, kullum ta hannun hagu. Sai ya jingina goshinsa da bangon rumbu, ya tsaya shiru. Yakan yi karo da turmi kamar bai gan shi ba. Wani lokaci yakan faɗi, jikinsa ya yi ta karkarwa, kumfa ta fito masa a baki. Bayan ɗan lokaci ya tashi, ya sha ruwa, ya kaɗa wa Baba Barau wutsiya.

Yara suka sa masa sabon suna. Idan sun taso daga makaranta sai su leƙa ta danga, su yi ihu: “Mahaukaci! Mahaukaci!” Wasu har su jefa hoge.

Ana nan, Malam Sha'ibu ya koya wa 'yan aji huɗu darasi a kan ciwon haukan kare. Ya zana kare a allo, da kumfa a bakinsa. Ya zana ƙafar mutum, da ramukan haƙora biyu.

Ya ce, “Wannan ciwo yana kisa. Wanda irin wannan kare ya ciza, asibiti za a kai shi da gaggawa. Kun ji ko?”

Yara suka ce, “Mun ji, Malam!”

Lauratu ta fi kowa ji. Ita ce ta ɗaya a ajin, ba ta mantuwa.

Abu biyu mahaifiyarta, Inna Adama, ta hana ta. Kada ta yi yawo da rigar makaranta. Kada ta taɓa gwaibar mutane.

Ran nan ta karya duka biyun a yini ɗaya.

An tashi daga makaranta, rana ta take. Gwaibar Baba Barau ta nuna, ƙamshinta har hanya. Lauratu ta leƙa, ta ga tsohon ba ya nan. Ta taka gungume, ta kama reshe, ta haye.

Akwai abin da ba ta lura da shi ba. Zuwan Kyauta na ƙarshe ya kawo ragowar waya mai ƙaya daga wurin aikinsu, ya naɗa a jikin dangar saboda awaki. Ganyen wake ya rufe ta.

Ta tsinki gwaiba, ta cusa a aljihu. Sai ta ji motsi a ƙasa. Ta duba, ga Duna yana kewayawa a gindin bishiyar, kansa a karkace. Ko ɗaga kai bai yi ba. Amma tsoro ya kama ta, ta yi tsalle.

Wayar ta kama ta. Ƙaya biyu suka shige sha-raɓarta, gefen rigar ya yage har gwiwa. Ta faɗi a wajen dangar, ta tashi da gudu tana ɗingishi. Duna kuwa ya je ya jingina goshi da rumbu, bai san an yi ba.

A hanya ta zubar da gwaibar.

Inna Adama tana tankaɗe sa'ad da ta shigo. Rigar ta fara gani, kafin jinin.

Ta ce, “Ke! Mi ya sami rigar nan? Ina kika biya?”

Lauratu ta dubi tsumagiyar da ke rataye a jikin zana. Ta dubi ƙafarta. Ramuka biyu ne, kusa da juna, daidai irin waɗanda Malam ya zana a allo.

Ta ce, “Inna, kare ne ya cije ni.”

Rariyar ta faɗi daga hannun Inna Adama.

“Wane kare?”

“Na Baba Barau. Ina wucewa ta hanya, ya fito ya kama ni.”

Babu wanda ya ƙara maganar riga. Inna Adama ta rungume ta tana salati. Maƙwabta suka cika gidan. Wata ta kawo mata fura, wata tana yi mata fifita. Lauratu ta kwanta, ta ji daɗi a ranta. Ta ɗauka magana ta ƙare ke nan.

Ba ta san yanzu ta fara ba.

A ƙauyen nan akwai abin da aka gada. Idan mahaukacin kare ya ciji mutum, sai a kashe karen, a tsige gashin wutsiyarsa, a ƙona, a shafa tokar a kan raunin. Sun yi imani cewa muddin karen yana numfashi, haukan yana girma a jikin wanda aka ciza.

Saboda haka kafin la'asar ta yi sanyi, maza sun taru da sanduna. Wanda ya shige gaba shi ne Audi, wani saurayi da ya dawo daga Kaduna da wando mai faɗin ƙafa da rediyo a kafaɗa. Aka ce a zo da yarinyar, don a shafa mata tokar da ɗuminta. Malam Maharazu ya saɓa ta a kafaɗa.

Suka iske Baba Barau zaune a bakin ƙofar ɗakinsa. Ya shigar da Duna ciki, ya tare ƙofar da jikinsa.

Audi ya ce, “Tsoho, fito mana da shi. Ko sai mun ɗauke ka kamar buhun auduga?”

Baba Barau ya ce, “Duna bai ciji kowa ba. Rabonsa da fita dangar nan tun ana shuka. Ƙofar ma ba ya ganinta.”

“To yarinya ƙarya take yi?”

Tsohon ya dubi Lauratu. Bai harare ta ba. Dubanta kawai ya yi. Ta sunkuyar da kai.

Ya ce, “Ban ce komai a kan ɗiyar mutane ba. Na dai san karena. Tuwo ma sai na jiƙa mashi da ruwa kafin ya iya ci.”

Wani daga baya ya ce, “Ku ji shi! Ya fifita kare a kan ɗan Adam!”

Wani ya ce, “Dama mi ya sa aka bar shi a garin nan da ƙazantarsa?”

Babu wanda ya tambayi yarinyar a ina abin ya faru. Babu wanda ya duba dangar. Da karen mai unguwa ne, da an duba. Da na wani Alhaji ne, da an yi sallama kafin a shiga gidan. Amma na Barau ne, kuma Barau ba shi da kowa a wurin.

Sai dutse ya tashi daga cikin taron. An nufi ƙofar ɗaki, ya sami goshin tsohon. Jini ya gangaro ta kan girarsa, ya sauka a gemunsa. Bai tashi ba. Bai ma share ba.

Lauratu ta gani. Bakinta ya buɗe, amma ta tuna da tsumagiya, ta tuna da furar da ta sha. Ta rufe shi.

A lokacin ne mai unguwa Gide ya iso yana haki. Da ya ga jini, sai ya ɗaga hannu.

Ya ce, “Ya isa! Kuna so maganar nan ta kai gaban hakimi? Barau, rana ta yi ƙasa. Na ba ka zuwa gobe da hantsi. Ka fito da shi da hannunka. In ka ƙi, kai da shi za ku bar mana gari.”

Baba Barau ya ce, “Na ji, ranka ya daɗe.”

A gida, Inna Adama ta kasa cin abinci. Kowane motsi Lauratu ta yi sai ta taɓa goshinta.

Ta ce wa mijinta, “Malam, karen nan yana can yana numfashi, ɗiyata tana nan. In wani abu ya same ta kafin gobe fa?”

Malam Maharazu ya ce, “Ki yi haƙuri. Gobe ranar kasuwa ce, akwai mota. Da an gama da karen zan kai ta asibitin Funtuwa. An ce allurai ne masu yawa, a ciki ake yinsu.”

Lauratu ta dafe cikinta. Tuwon da ke gabanta ya huce, ba ta taɓa ba.

Da safe maza suka sake wucewa da sandunansu, har da mahaifinta. Ita aka bar ta a zaure, sai an aiko da tokar. Tana nan zaune sai ga Malam Sha'ibu ya jingine kekensa. Ya ji labari, ya biyo duba ta kafin ya wuce makaranta.

Ya ce, “Sannu, Lauratu. Mu ga ƙafar.”

Ya duba raunin, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya zauna a dakali.

“Karen nan da kuke kira mahaukaci, tun yaushe yake haka?”

“Tun kafin ruwa ya sauka, Malam.”

“Ga shi har dawa ta fitar da kai. Me na gaya muku game da karen da ya kamu da ciwon hauka? Ke ce ba kya mantuwa.”

Muryarta ta yi ƙasa. “Ka ce ba ya daɗewa. 'Yan kwanaki ne ya mutu.”

“Haka na ce.”

 Daga nesa ana jin rediyon Audi.

Malam ya ce, “Na koya muku darasin nan ne don ku tsira da ranku. Ban taɓa zaton za a iya ɗaukarsa a yi sanda da shi ba.”

Hawaye suka zubo mata. Ta ce, “Malam, waya ce. Gwaiba na hau.”

Ya ce, “Ba ni ne aka fasa wa goshi ba. Ba ni za ki gaya wa ba. Tashi, hau keke.”

Da suka isa, Baba Barau ya riga ya fito da Duna. Ya ɗaura masa igiya, shi kuma ya ɗaure nasa goshin da tsumma. Ya ajiye kaskon ruwa, Duna yana sha a hankali. Tsohon yana shafa masa baya, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Audi ya ajiye rediyo, ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗaga gora.

Lauratu ta diro daga keken tun bai tsaya ba.

“Ku bari! Bai cije ni ba! Ƙarya na yi!”

Kowa ya juyo yana kallonta.

Ta ɗingisa zuwa dangar, ta ɗaga ganyen wake. Ga wayar nan. Ga kuma ƙyallen shuɗiyar riga yana maƙale a jikin ƙaya.

Ta ce, “Gwaiba na zo sata. Na yi tsalle, waya ta kama ni. Tsoron bulala na ji.”

Malam Maharazu ya dubi ƙyallen. Ya dubi tsumman da ke goshin tsohon. Sandar da ke hannunsa ta yi masa nauyi, ya sake ta ta faɗi.

Lauratu ta ɗauka yanzu kam magana ta ƙare. Ta sake kuskure.

Audi ya ce, “To sai mi? Ko bai cije ta ba, ai mahaukaci ne. Kowa ya ga yana kumfa. Yau ya bar wannan, gobe ya kama wani. Mun riga mun fito.”

Da yawa suka ce, “Gaskiya ne!”

Nan ta gane wani abu da ba a koya mata a aji ba. Ta janye ƙaryarta, amma ƙaryar ta ƙi dawowa. Ta riga ta shiga hannun mutane, ta zama sanda.

Ta je ta tsaya a gaban Baba Barau. Ta juyo ta dubi mahaifinta.

Ta ce, “Baba, ka hana su. Ni na jawo.”

Malam Maharazu ya tako ya tsaya kusa da ita. Ya fuskanci mai unguwa.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, karen nan ya tsare mani dawa tun ɗiyar nan tana goye. Jiya na zo kashe shi ban yi tambaya ko ɗaya ba. Yau kasuwa, malamin dabbobi yana Daudawa duba shanu. A ba ni lokaci in ɗauko shi. In ya ce hauka ne, ba zan ƙara cewa komai ba.”

Mai unguwa ya shafa gemu. Ya ce, “Tafi. Audi, sauke gorar nan kafin hannunka ya sage.”

Malam Sha'ibu ya ba da kekensa.

Kafin azahar sai ga ƙarar babur. Malamin dabbobin, Malam Salihu, ya iso da jakarsa. Bai taɓa karen da farko ba. Ya sa kowa ya ja baya, ya tsaya yana kallo. Duna ya tashi, ya yi kewayensa ta hagu, ya je ya jingina goshi da rumbu.

Malam Salihu ya yi wa Baba Barau tambayoyi. Yaushe ya fara? Yana ci? Yana sha? Ya taɓa kai wa wani cizo? Akwai wani kare da ya cije shi? Tsohon ya amsa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne karo na farko da wani ya saurare shi har ya gama.

Sannan malamin ya sa safar hannu. Ya kaɗa hannu ta gefen idon hagu, Duna ya ƙifta. Ya kaɗa ta gefen dama, bai ƙifta ba. Ya ɗaga leɓensa. Haƙoran duk sun lalace, wasu sun zube.

Ya miƙe ya ce, “Wannan ba ciwon hauka ba ne. Mai ciwon hauka ba ya kai wata, balle damina guda.”

Mai unguwa ya ce, “To mi ne ne, Malam? Iska ce?”

“Ba iska ba ce. Kun taɓa fasa kan rago da Sallah? Kun ga wani siririn tantani da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa?”

Suka ce sun gani.

“Kare ma yana da shi. Tantanin nan bai tsaya a kai ba, ya bi lakar baya har ƙasa. Idan kare ya tsufa, wani lokaci ƙari yakan fito a jikin tantanin. Yana girma a hankali. Ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa ya ba shi wuri, sai ya riƙa danne ƙwaƙwalwa. Shi ya sa yake kewayawa gefe guda. Shi ya sa ba ya gani ta dama, kuma yake faɗuwa yana farfaɗiya. Da a bayan ne ya fito, da ƙafafunsa ne za su fara mutuwa.”

Wani ya ce, “Ka tabbata?”

“Ba na iya ganin cikin kansa, don haka ba zan rantse ba. Amma alamun duk nasa ne. Na taɓa ganin irinsa sa'ad da nake karatu a Zariya. Abin da na tabbata shi ne, ƙari ba ya bin cizo, ba ya bin yawu. Ba a ɗaukarsa.”

Audi ya ce, “Malam, ashe kare ma yana da ƙwaƙwalwa?”

Malam Salihu ya ce, “Yana da ita. Kuma tasa, duk da ciwon, ba ta taɓa sa shi ya jefi tsoho ba.”

Aka kwashe da dariya. Audi ya ɗauki rediyonsa, ya koma baya.

Baba Barau bai yi dariya ba. Ya ce, “Malam, yana warkewa?”

Malam Salihu ya tsuguna kusa da shi. “Baba, ba zan ɓoye maka ba. Ba ni da maganin da zai cire shi. Zan ba ka ƙwayoyin da za su rage masa faɗuwa. Ka sa shi a inuwa, ka kawar da abin da zai yi karo da shi. Ka bar shi a ɗaure na 'yan kwanaki, don hankalin mutane ya kwanta, zan dawo in duba. Muddin yana ci, yana sha, yana gane ka, to yana da sauran kwana mai daɗi. Ranar da ya daina, ka aiko mini.”

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya kwance igiyar daga wuyan Duna, ya mayar da ita sako-sako.

Kafin ya hau babur, malamin ya juyo ga jama'a. “Tokar gashin nan kuma, ba ta taɓa warkar da kowa ba. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, a kai shi asibiti a ranar. Yarinyar nan ma a kai ta. Ƙarfen waya yana da tasa illar, sai an yi mata allura.”

Lauratu ta zaro ido. Malam Sha'ibu ya ce, “Ɗaya ce tak. Ki gode wa Allah.”

Mutane suka fara sulalewa. Wanda ya jefa dutsen bai bayyana kansa ba, har yau. Yarinya ƙarama ce ta durƙusa a gaban tsohon, manya suna kallon ƙasa.

Ta ce, “Baba, ka yafe mini.”

Ya ce, “Tashi, jikata. Kin yi ɓarna jiya, kin gyara yau. Akwai masu gemu a nan da ba su kai ki ba.”

Mai unguwa ya yi gyaran murya. Ya ce, “Barau, mu ma a yafe mana. Gari naka ne.” Sannan ya sa Audi ya nome wa tsohon ciyawar da ke bayan dangarsa, da wandonsa mai faɗin ƙafa.

An yi wa Lauratu allurarta a ɗakin shan magani, ta yi kuka. Inna Adama ba ta ɗauko tsumagiya ba. Abin da ta yi ya fi bulala. Ta ɗauko jan ƙyalle ta yi wa shuɗiyar rigar faci, ta ɗinke shi da kyau.

Lauratu ta ce, “Inna, ai kowa zai gani.”

Inna ta ce, “Goshin Baba Barau ma kowa yana gani. Duk wanda ya tambaye ki, ki gaya mashi gaskiya.”

Haka ta yi. A aji, Malam Sha'ibu ya sa ta tsaya gaban allo ta ba da labarin da bakinta. Daga ranar, ihun “mahaukaci” ya mutu a bakin dangar.

Kullum da yamma, bayan ta tuɓe rigar makaranta, Inna takan ba ta ragowar tuwo a ƙwarya, ta kai gidan Baba Barau. Ita da tsohon suka janye turmi zuwa gefe. Suka naɗa tsohuwar zana a jikin rumbu, don goshin Duna ya sami taushi. Baba Barau yakan tura ƙwayar magani a cikin loma, ita kuma ta cika kasko da ruwa. Ta koyi zuwa masa ta gefen hagu, inda yake gani. Idan farfaɗiyar ta zo, ta koyi ja da baya, ta yi shiru har ta wuce.

Ranar farko, da za ta tafi, tsohon ya cika mata ƙwaryar da gwaiba.

Ya ce, “Ƙofa tana can, ba a rufe take ba. Da kin yi sallama tun farko, da kin ci har kin gaji.”

Da kaka ta yi, aka fara yankan dawa, Kyauta ya dawo daga Kaduna. Duna yana kwance a inuwa, bai gan shi ba. Sai hancinsa ya motsa. Ya yunƙura, ya tashi, ya yi kewaye ɗaya ta hagu, ya zo ya jingina goshinsa. Wannan karo ba da rumbu ba, da gwiwar Kyauta. Wutsiyarsa tana kaɗawa har tana share ƙasa.

Baba Barau ya nuna Lauratu. Ya ce, “Gaishe da wannan. Ba don ita ba, da kabari ka iske.”

Lauratu ta ce, “Ba don ni ba, Baba, da ba a ɗaga masa sanda ba.”

Tsohon ya yi dariya. Ya ce, “Duka biyun gaskiya ne.”

Yara, ga darasin a fili. Ƙarya takan zaɓi wanda ba shi da mai tsaya masa, shi ya sa ta zama zalunci. Kuma ba kowane mai ciwo ne abin jifa ba.

To, ga abin da nake nema daga gare ku. Idan kun ga dabba tana abin da ba ku gane ba, kada ku matsa kusa, kada kuma ku ɗauki dutse. Ku gaya wa babba ya kira malamin dabbobi. Idan kuwa akwai wanda yake ɗauke da laifinku a yau, don kawai ba shi da bakin da za a saurara, kada ku jira gobe da hantsi. Ku ajiye littafin nan, ku tashi, ku je ku faɗi gaskiya.